Inda asuwaki ba ya kaiwa: sakace, dasashi da bakin yaro mai tamowa

Duk macen da ke kai ɗanta awo ta san yadda aikin yake tafiya. A ɗora yaro a sikeli, a zagaya masa igiyar awo a dantse, a danna bayan ƙafafunsa a ga ko akwai kumburi, a rubuta a kati. Abin da ba a cika yi ba shi ne ɗaga leɓen yaron a duba dasashinsa, alhali kuwa ta bakin nan ne duk abincin da ake ba shi zai bi. Yaron da dasashinsa ke ciwo ba ya tauna, wanda ba ya tauna ba ya ƙoshi, wanda ba ya ƙoshi kuma jikinsa ba ya iya kare dasashin. Haka ciwon baki da tamowa suke ciyar da juna. Wannan ne dalilin da ya sa takardar da aka saba yi wa iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwan Icirnawa a kan kunu da nono da awo, yau take magana a kan haƙora, da kuma wurin da aka fi mantawa da shi a cikin baki, wato tsakanin haƙori da haƙori.

Abin da ke faruwa a tsakanin haƙora

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika, yaro kuma yana da haƙoran nono 20. Kowane haƙori fuska biyar gare shi: ta waje mai kallon leɓe ko kunci, ta ciki mai kallon harshe, ta sama wadda ake tauna da ita, sai kuma gefe biyu da suke manne da maƙwabtansa na dama da na hagu. Asuwaki da buroshi suna goge fuskoki uku na farko sosai. Gefe biyun nan kuwa ba sa shiga cikinsu, sai dai ga mai wushirya ko mai giɓi.

Baki ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta, ko na mai lafiya. Suna taruwa a jikin haƙori su yi wata dauɗa mai danƙo, fara-fara, wadda idan mutum ya kankari haƙorinsa da farce da safe zai gan ta. Ba ragowar abinci ba ce, ko da yake da abinci take rayuwa. Idan aka goge ta yau, kafin gobe ta fara komawa, shi ya sa ake cewa aikin na kullum ne. Ɓarnarta iri biyu ce. Ta farko, idan ta samu sukari sai ta mayar da shi tsami, tsamin nan ya riƙa cin farin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Wannan shi ne abin da ake kira tsutsar haƙori, amma babu wata tsutsa a ciki, kuma duk mai turare ko tsubbu da ya ce ya fitar da ita, ba daga haƙorin ta fito ba. Ta biyu, dauɗar da ke kwance a gindin haƙori tana sa dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini da zarar an taɓa shi. Idan aka ƙyale ta sai ta sandare ta zama kanta mai tauri, ruwan ƙasa ko baƙa, wadda asuwaki ba ya fitarwa, sai ma'aikacin haƙori da kayan aikinsa. Da tafiya ta yi nisa dasashi yana ja da baya, ƙashin da ke riƙe da haƙori yana zaizayewa, haƙorin da ba shi da kogo ko ɗaya ya fara girgiɗi ya faɗi. Da yawa daga giɓin da ake ɗora wa tsufa, wannan ne asalinsa.

An gwada abin a fili. A shekarar 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe, a ƙasar Danmak, ya sa wasu mutane masu lafiyayyen dasashi suka daina tsabtace bakinsu gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowanensu ya kumbura. Da suka koma tsabtace bakin, cikin kamar mako guda kumburin ya tafi, ba tare da ƙwayar magani ko allura ba. Darasin da ke ciki mai daɗin ji ne ga wanda ke nesa da likita: a matakin farko, ciwon dasashi da hannun mai shi yake warkewa.

Asuwaki, tsinke da zare

Ba za mu koya wa mutanen Damagaram asuwaki ba. Sunna ce da kowa ya tashi ya tarar, ga kuma kurkure baki a kowace alwala. Reshen dogon yaro, ko na aduwa, ko saiwar asuwakin da ake sayarwa a kasuwa, idan aka tauna bakinsa ya yi laushi, aka bi haƙora ɗaya bayan ɗaya ciki da waje har zuwa turamen can baya, yana aiki mai kyau. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge na gaba kawai, waɗanda ake gani in an yi murmushi, a bar na tauna. Wani kuskuren kuma shi ne dirza da ƙarfi daga gefe zuwa gefe har dasashi ya ja baya. A riƙa gogawa daga dasashi zuwa bakin haƙori, a hankali, a yanke bakin asuwakin da ya tsufa a tauna sabo, a ajiye shi inda zai bushe, ba a cikin aljihu tare da kuɗi da goro ba. Kowa da nasa. Ba a aron asuwaki. Wanda ya samu buroshi da man goge baki, ya duba jikin bututun ya ga an rubuta fluor, domin wannan sinadarin ne ke ƙarfafa ɓawon haƙori, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man da ke ɗauke da shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ana iya shafa ɗan man a bakin asuwaki ma.

Sakace kuwa kowa yana yi, amma sai abu ya maƙale. Ƙasarmu ƙasar rake ce, kuma duk wanda ya sha raken fadamun Matameye ya san yadda zarensa ke shigewa tsakanin haƙora. Haka naman tsire da kilishi, ƙafar fara, zaren mangwaro, ɓawon masara gasasshiya, ganyen rama. Sai mutum ya kai hannu ga abin da ke kusa: karan tsintsiya, ashana, fil, allura, wani ma har tsinin reza. Tsintsiyar da aka share tsakar gida da ita, inda kaji da awaki suke kwana, ba abin sawa a dasashi mai jini ba ce. Ƙarfe kuma yana kankare ɓawon haƙori, yana huda dasashi, yana faɗaɗa ramin da abinci zai sake shiga gobe.

Sakacen da muke magana a kansa daban yake. Ba a jiran abu ya maƙale. Ana yin sa sau ɗaya kowace rana, domin cire dauɗar nan mai danƙo daga gefen haƙora, ko da mutum bai ji komai a bakinsa ba. Abin da aka ƙera domin wannan aiki wani zare ne mai santsi da ƙarfi, wanda za mu kira zaren sakace. Masu kantin magani sun san shi da sunansa na Faransanci, fil dentaire. Ba sabon abu ba ne. Wani likitan haƙori na birnin New Orleans a Amurka, Levi Spear Parmly, ya riƙa ba mutane shawarar amfani da zaren siliki tun farkon ƙarni na 19, an fara sayar da shi a 1882, daga baya a shekarun 1940 aka koma yin sa da nailan.

Yadda ake yi kuwa, a fara da wanke hannu da sabulu. A yanki zaren kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, kimanin santimita 45. A naɗe mafi yawansa a yatsan tsakiya na hannu ɗaya, ragowar a na ɗaya hannun, a bar ɗan tsakani kamar faɗin yatsu biyu, a riƙe shi da babban yatsa da manuni. A sa zaren tsakanin haƙora biyu, a riƙa ja gaba da baya a hankali har ya wuce inda suka manne. Nan ne wurin haƙuri: idan aka danna da ƙarfi, zaren zai faɗa wa dasashi ya yanke shi. Da ya wuce, sai a lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori ɗaya, a goga sama da ƙasa sau biyu ko uku, har ya ɗan shiga ƙarƙashin bakin dasashi kaɗan, sannan a juya shi ya rungumi maƙwabcin a yi masa haka. Kowane tsakani haƙora biyu ke gare shi, kuma duka biyun ake gogewa. A warware sabon wuri a jikin zaren kafin a shiga tsakani na gaba, kada a manta bayan turmin ƙarshe, a gama a kurkure baki, a jefar da zaren. Ba a wanke shi a ajiye, ba a ba wani. A farko aikin zai ɗauki lokaci, yatsu su riƙa rikicewa. Bayan mako ɗaya ko biyu minti biyu zuwa uku ya isa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan tuwon dare, domin a cikin barci miyau yana raguwa, kuma miyau ne ke wanke baki yana kashe tsami.

Akwai abin da zai faru wanda ya kamata a sani tun da wuri, don shi ne ke sa mutane su bari. A kwanakin farko za a ga jini a jikin zaren, a kuma ji wari. Ba zaren ne ya kawo su ba. Dasashin ne dama a kumbure, warin kuma na dauɗar da ta daɗe a wurin ne. Wanda ya daure ya ci gaba da yi a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin zai ragu ya tsaya. Idan ya wuce haka bai tsaya ba, ko jinin yana zuba da kansa ba a taɓa ba, ko haƙori yana motsi, to a je gidan likita. Kuma a faɗi gaskiya: zaren ba ya maye gurbin asuwaki ko buroshi, ƙari ne a kansu, kuma amfaninsa da ya fi tabbata a kan dasashi yake. Mai shan shayi mai sukari sau biyar a yini, zare kaɗai ba zai hana shi kogo ba.

Idan babu zaren

A birnin Zinder ana iya samunsa a manyan kantunan magani, amma ba kayan tireda na ƙauye ba ne, kuma gidan da ke lissafin tiyar gero ba za a ce masa ya sayi zare kafin hatsi ba. Rashin zaren ba ya hana aikin. A samu ɗan reshe mai tsabta daga irin itacen da ake asuwaki da shi, a fere shi siriri, a wanke, a ɗan jiƙa tsininsa a baki ya yi laushi. A sa shi a gindin haƙora, inda ɗan ramin nan mai kusurwa uku yake, a goga gefen wannan da gefen wancan a hankali, ba tare da tura shi da ƙarfi ba. Inda ya ƙi shiga a ƙyale. Ana kuma iya juya asuwaki a tsaye, a sa zarurrukan bakinsa su shiga tsakanin haƙora. Zaren ɗinki siriri ne, yana yanka dasashi, yana kuma tsinkewa ya bar guntu a ciki. Zaren buhu da tsinken leda su ma haka, ga datti. Bayan an gama a kurkure da ruwa mai tsabta, a matsa shi da ƙarfi ya bi ta tsakanin haƙora.

Mai ciki da mai shayarwa

Mata da yawa suna lura cewa da sun samu ciki dasashinsu ya fara jini. Canjin da ciki ke kawowa a jiki ne yake sa dasashi ya fi saurin kumbura a kan dauɗar da a da yake jurewa. Ana cewa kowace haihuwa tana tafiya da haƙori guda, wai jariri ne ke tsotse ƙarfin haƙoran uwa. Jariri ba ya ɗibar komai daga haƙori. Abin da ke faruwa shi ne laulayi da amai da kasala suna sa a bar asuwaki, ga kwaɗayin tsami da zaƙi, ga dasashi a kumbure, wata tara, ciki bayan ciki. Mai ciki ta fi kowa buƙatar sakacen kullum. Idan ta yi amai ta kurkure bakinta da ruwa, ta ɗan jira kafin ta goge, saboda tsamin ciki yana tausasa ɓawon haƙori. A wurin awon ciki ta faɗa wa ungozoma idan bakinta na jini ko haƙori na ciwo, kada ta sayi ƙwaya a tebur, don akwai magungunan da ba su dace da ciki ba. Fure da goro ado ne, amma jan da suke sawa yana ɓoye jan dasashi mai ciwo, saboda haka mai sa su ta riƙa duba bakinta kafin ta sa.

Abinci ma yana da hannu. Ƙarancin bitamin C yana sa dasashi ya yi taushi ya riƙa jini, kuma ana samun bitamin ɗin a tumatir ɗanye, lemu, gwaiba, mangwaro, kabeji, farin garin ƴaƴan kuka da ganyen zogale da ba a daɗe ana dafawa ba. Lambunan rani na yankin nan suna da mafi yawansu.

Bakin uwa kuma yana shafar na ɗanta. Ƙwayoyin da ke kawo kogo suna bin miyau su shiga bakin yaro, ta hanyar tauna masa abinci, ko lasar cokalinsa, ko sa masa yatsan da aka tsotsa. A daka masa ko a murje masa da cokali mai tsabta.

Bakin yaro

Tsabtar baki tana farawa kafin haƙori ya fito. Uwa ta wanke hannu, ta naɗe tsumma mai laushi mai tsabta a yatsa, ta jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ta share dasashin jariri da harshensa a hankali. Wannan shara ce kawai, ba shayar da ruwa ba. Har ya cika wata 6 nonon uwa zalla ne abincinsa da abin shansa. Wajen wata 6 haƙoran farko ke fitowa, su cika 20 tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku. Daga haƙorin farko a fara goge masa safe da dare, da tsumma, ko asuwaki mai laushi, ko ƙaramin buroshi. Idan da man goge baki, ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Babba ne zai riƙa yi masa har wajen shekara 7, don hannun yaro bai iya ba. Zare kuwa sai inda haƙora biyu suka manne, galibi turamen baya, kuma uwa ce za ta yi masa, ya kwanta a cinyarta. Ba a ba ƙaramin yaro tsinke.

Kada a ce ai haƙoran nono ne, za su zube. Da su yaro zai ci abinci a shekarun da tamowa ta fi kama yara, kuma turamen nono suna kaiwa shekara 10 zuwa 12 kafin su faɗi. Wajen shekara 6 kuma wani turmi na dindindin yana fitowa a bayansu ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa na nono ne su bar shi ya ruɓe.

Yaron da ke karɓar abincin gyaɗa na cikin leda, Plumpy'Nut, yana buƙatar ƙarin kulawa. An haɗa shi da gyaɗa da madara da mai da sukari, yana da danƙo, yana manne wa haƙora. Magani ne, kuma ba a rage masa ko leda ɗaya saboda haƙori. Abin yi shi ne a ba yaron ruwa mai tsabta yana ci yana sha, a share masa baki bayan ya gama, musamman na dare. Alawa da minti da lemon kwalba da mazarƙwaila ne ya kamata a rage, kuma yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawan sukarin ɓarna: yaron da ke tsotson alawa tun safe har yamma, haƙoransa a cikin tsami suke yini.

Akwai wata magana da dole a yi ta. Idan yaro ɗan wata bakwai ko takwas ya kamu da zawo da zazzaɓi, sai a ce haƙori ne, a zauna ana jiran ya fito. Fitar haƙori na iya sa yaro dalalar da miyau, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, amma ba ya kawo zawo mai ƙarfi ko zazzaɓi mai zafi. Lokacin ne yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki, ya fara cin abinci, kariyar da ya samo daga uwa kuma tana raguwa. Yara da yawa sun faɗa tamowa a makonnin da aka yi ana jiran haƙori. Haka nan kai shi a tsaga masa dasashi ko a cire masa beli yana buɗe rauni a bakin da ya riga ya raunana, ya kuma hana shi cin abinci kwanaki.

Ciwon da ke cin fuska

Dalili mafi nauyi na duba bakin yaro shi ne ciwon da likitoci ke kira noma. Sunan daga harshen Girka yake, ba shi da alaƙa da aikin gona. A ƙasar Hausa wasu na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji, amma ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Ƙwayoyin cutar da ke cikin baki ne suke samun galaba a kan yaron da jikinsa ya yi rauni, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa gaba. A nan jihar Damagaram aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi a kansa: masu bincike daga Janeba sun bi yara 82 masu ciwon da 327 marasa shi tsakanin 2001 da 2006, suka tarar ya fi kama yaran da tamowa ta tsumburar ko ta ramar, da waɗanda suka yi zazzaɓi, zawo ko ciwon ƙirji a watanni uku da suka gabata, da ƴaƴan matan da suka yi ciki da yawa. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro suna cikin cututtukan da ke share masa hanya. Watannin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, uwa kuma tana gona, su ne na sa ido.

Yana farawa da abin da ba a ɗauka da muhimmanci: dasashi ja mai jini. Daga nan gyambo ya fito a dasashin, bakinsa fari-fari ko toka-toka, jinin ya riƙa zuba da kansa, baki ya yi wari mai tsanani irin na ruɓa, yaro ya riƙa dalalar da miyau, ya ƙi abinci. Sai kunci ko leɓe ko haɓa ya kumbura ya yi tauri, da zazzaɓi. Sai wani tabo baƙi ya bayyana a fatar, naman wurin ya mutu ya faɗi, ya bar rami a fuska, wani lokaci har da ƙashi da haƙora. Daga kumburi zuwa rami kwanaki ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 10 da ba su samu magani ba, kimanin 9 suna rasuwa. Waɗanda suka rayu kuma sau da yawa muƙamuƙinsu yana ɗaurewa, ci da magana su yi musu wuya. A ranar 15 ga Disamba 2023 hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranci gabatarwa.

Amma a matakin dasashi da gyambo, maganinsa mai sauƙi ne kuma yana nan kusa: tsabtace baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai rubuta, da abinci mai gina jiki. Yaron da aka kai da wuri yana warkewa ba tare da tabo ba. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Ga waɗanda ciwon ya riga ya taɓa wa fuska, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan tana da cibiya a birnin Zinder tun 1992, inda ake kula da su a kuma shirya musu aikin gyaran fuska. A Sakkwato ma akwai asibitin yara masu noma da aka buɗe a 1999. Yaron da aka ɓoye a ɗaki saboda kunya, ko da shekaru sun wuce, yana da inda za a kai shi.

Ga wakilan lafiya

Ku da kuke shiga gida-gida, duba baki bai kai minti ɗaya ba, kuma ya kamata ya bi bayan igiyar awo a kowace ziyara, musamman ga yaron da igiyar ta nuna ja ko rawaya, da wanda aka yaye kwanan nan, da wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu. Uwa ta zaunar da shi a cinyarta yana fuskantar haske, a bakin ƙofa ko da tocila. Ya fi kyau ita ce za ta ɗaga leɓen sama ta ja na ƙasa, ku kuna kallo, don ta koyi yi da kanta. A duba launin dasashi, a duba cikin kunci dama da hagu, a kuma shaƙi numfashinsa, domin hanci yakan riga ido ganewa.

Idan dasashi ja ne, yana jini in an taɓa, amma yaron na ci yana wasa, a nuna wa uwa yadda za ta tafasa ruwa ta sa ɗan gishiri ya huce, ta riƙa share masa baki da shi bayan kowane abinci, ko ya kurkure ya tofar idan ya isa. A ƙara masa wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kwaɗon zogale, abin da gidan ya samu, a duba katinsa a ga ko ya karɓi allurar ƙyanda da bitamin A, a kuma komo a sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Idan akwai gyambo, ko wari mai ƙarfi, ko jini mai zuba da kansa, a tura shi CSI a ranar. Idan kunci ko leɓe ya kumbura, ko an ga tabo baƙi, ba a jiran ranar kasuwa, ba a jiran maigida ya dawo daga tafiya, ba a shafa komai, ba a yi wa wurin tsaga ko lalas. A nemi amalanke ko babur a lokacin, a sanar da shugaban CSI domin a wuce da shi asibitin Matameye, daga can kuma Zinder idan hali ya kai. A hanya a ci gaba da ba shi nono, ruwa mai tsabta ko kunu mai ruwa kaɗan-kaɗan da cokali. A tafi da katin awonsa, uwa kuma ta riƙe ranar da ta fara jin warin da ranar da kumburin ya fito, don su ne tambayoyin farko da za a yi mata.